CCNA: Jarrabawar da kuɗinta ya kai albashin wata huɗu, da yadda ake shirya mata daga Nijar

Duk wanda ya taɓa tsayawa layi a wurin aika kuɗi a babbar kasuwar Maraɗi, ko a kasuwar Dole ta Damagaram, ya san kalmomi biyun da ke tsayar da komai cak: babu rezo. Mai karɓar kuɗi ya naɗe hannu, layi ya yi ta tsawo, har sai an kira wani matashi ya iso a kan babur, da kwamfuta a jaka da wani siririn kebul shuɗi. Wani lokaci matsalar daga kamfanin sadarwa take, ba abin da zai iya yi sai jira. Amma sau da yawa a cikin ofishin take: kebul ya saki, ko kwamfutoci biyu sun ɗauki adireshi ɗaya, ko kuma an ɗauke wuta an maido, na'urar da ke raba intanet ta manta saitin da aka yi mata.

Da yawa daga cikin masu wannan aiki a hannu suka koye shi, wajen wani maigida ko ta bidiyon intanet. Suna iya ɗaure kan kebul ido rufe. Sai dai ranar da wani banki, ko kamfanin sadarwa, ko wata ƙungiyar agaji ta fitar da sanarwar ɗaukar ma'aikacin rezo, akan tarar da haruffa huɗu a jerin abubuwan da ake so: CCNA. Takardar shaida ce ta kamfanin Cisco na Amurka, kuma an san ta a Yamai kamar yadda aka san ta a Abuja, Dakar ko Dubai.

Bukatar masu wannan sana'a ƙaruwa take yi. Akwai aikin shimfiɗa kebul mai aiki da haske na ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Ƙasashen Afirka ya zuba wa kuɗi, mai tsawon sama da kilomita 1,000 a cikin Nijar. Akwai Starlink da ya soma aiki a ƙasar a hukumance a shekarar 2025. Ga kuma masu sayar da tikitin wifi a unguwanni da suka yawaita. Kowane layi da ya iso ƙofar asibiti, lekwal ko ofishin magajin gari, sai an sami wanda zai raba shi ga kwamfutocin ciki, ya kuma tsare shi.

Kuɗin zama

Jarrabawar CCNA ta yanzu, mai lamba 200-301, ta soma aiki a watan Fabrairun 2020, aka yi mata kwaskwarima a watan Agustan 2024. Minti 120 ake ba mai zama. Ba a neman wata diploma kafin a yi rajista, mai BEPC da mai digirin jami'a duk ƙofa ɗaya suke bi.

Kuɗinta dalar Amurka 300 ne. A nan sai a yi hattara, domin ba dalarmu ta kasuwa mai tamma biyar ake nufi ba. Idan aka juya shi zuwa sefa, gwargwadon yadda canji yake a ranar, ya haura jika 150 nesa ba kusa ba. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne tun daga farkon 2024, wato zama ɗaya na cin kimanin albashin wata huɗu na ƙaramin ma'aikaci. Wanda ya faɗi kuma ba a maido masa ko tamma. Zai jira kwana 5, sannan ya sake biyan kuɗin cif idan yana son komawa.

Wannan shi ne ya bambanta ɗalibin Tawa da takwaransa na Turai. Wancan na iya shiga don ya ɗanɗana ya ga yadda tambayoyin suke. A nan kuwa kuɗin adashe ne, ko tallafin wani yaya da ke ci-rani, ko ragon da aka sayar. Galibi harsashi ɗaya ne a bindigar.

Saboda haka kafin a sayi littafi, ya kamata mutum ya tambayi kansa ko CCNA ce ta dace ya soma da ita. A 2023 Cisco ya fito da wata ƙarama mai suna CCST, ta minti 50, a kan dalar Amurka 125, kuma ana iya zaman ta da Faransanci. Ba ta kai CCNA nauyi a idon masu ɗaukar aiki ba, amma tsani ce mai kyau ga wanda bai taɓa zaman jarrabawa a gaban kwamfuta ba. Akwai Network+ ta CompTIA, wadda ba ta jingina da kayan wani kamfani ɗaya ba: tambayoyi har 90 cikin minti 90, ana neman maki 720 cikin 900. Kamfanin Huawei na China, wanda kayansa suka cika hasumiyoyin sadarwa na Afirka, yana da tasa mai suna HCIA. Wanda kuma burinsa sana'ar wifi ta unguwa ce, wataƙila takardar MTCNA ta MikroTik ta fi yi masa amfani a aikin yau da kullum, tunda akwatunan wannan kamfani na ƙasar Latbiya ne akasarin masu sana'ar ke amfani da su.

Karatu da Faransanci, jarrabawa da Ingilishi

Tarkon farko da ke kama ɗaliban ƙasashe renon Faransa ba na fasaha ba ne. Makarantar Cisco ta intanet, NetAcad, wadda aka kafa a 1997, tana koyar da darussan CCNA kashi uku, kowanne na kimanin awa 70, kuma akwai su da Faransanci. Ita kuwa jarrabawar, da Ingilishi da Japananci ake gabatar da ita. Mutum zai shafe watanni yana karanta "commutateur", "passerelle par défaut" da "trame", ranar jarrabawa ya tarar da "switch", "default gateway" da "frame".

Ba wai ana bukatar Ingilishin BBC ba ne. Kalmomin fannin ba su da yawa, kuma umarnin da ake rubuta wa na'urorin dama da Ingilishi suke ko a ajin Faransanci. Inda gizo ke saƙa shi ne ƙananan kalmomin da ke juya ma'anar tambaya: wadda ke cewa a zaɓi amsa biyu, wadda ke neman amsar da ta fi dacewa alhali uku daga cikin huɗun duk suna da ƙamshin gaskiya, da wadda ke neman abin da ba daidai ba. Mai fassara kowace jimla zuwa Faransanci a ransa kafin ya amsa, lokaci zai ƙare masa tambayoyi na jira.

Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a fahimci darasi da harshen da aka fi ji, sannan a maimaita shi da Ingilishi a makon, ba a bari sai ƙarshe ba. Darussan bidiyo na kyauta irin na Jeremy's IT Lab a YouTube sun bi manhajar jarrabawar daki-daki, kuma ana iya sauke su lokacin da forfe ke da sauƙi a kalla daga baya. Littafin hukuma na Wendell Odom, mai juzu'i biyu, shi ne madogara ga mai son zurfafawa. Matasan Maraɗi, Konni da Damagaram masu shiga Katsina, Sakkwato da Kano suna da ɗan rinjaye a nan, kunnensu ya saba.

Lissafin da ba a ba da kalkuleta

Cisco ya raba manhajar gida 6. Tushen ilimin rezo na da kashi 20 cikin 100, haɗa na'urori a cikin gida kashi 20, yadda saƙo ke samun hanya daga wannan rezo zuwa wancan kashi 25, hidimomin IP kashi 10, tsaro kashi 15, sai sarrafa rezo da manhaja kashi 10. Amma akwai abu ɗaya da ke ratsa kusan dukkansu, shi ne lissafin raba adireshi, kuma shi ne ke kayar da mutane da yawa.

Kowace na'ura da ke kan rezo tana da adireshi, irin 192.168.1.100. Lambobi huɗun nan a zahiri ɗigo 32 ne na sifili da ɗaya. Wani sashe na nuna unguwa, sauran na nuna gida. Idan aka rubuta /24 a bayan adireshin, ana nufin ɗigo 24 na farko na unguwa ne, 8 suka rage na gidaje. Takwas ɗin nan na ba da adireshi 256, a cire na farko da ke zaman sunan unguwar, a cire na ƙarshe da ake yi wa kowa shela da shi, saura 254.

Ɗauki misalin wata cibiyar kiwon lafiya mai sassa huɗu: wurin karɓar kuɗi, kantin magani, ɗakin gwaji da ofishin shugaba. Ba a son kwamfutar wani sashe ta riƙa leƙa ta wani. Sai a ari ɗigo 2 daga na gidaje, /24 ta koma /26. Unguwa ɗaya ta zama huɗu, kowacce da adireshi 64: daga 0, daga 64, daga 128, daga 192. Kowace na ɗaukar na'ura 62. Idan aka tambayi ina 192.168.1.100/26 yake, amsar ita ce unguwa ta biyu, mai farawa daga 64 ta ƙare a 127, kuma adireshin da za a iya ba na'urori daga 65 ne zuwa 126.

A takarda ba wuya. Wahalar ita ce a ɗakin jarrabawa babu kalkuleta, kuma ba kasafai tambayar ke zuwa tsirara haka ba. Za a nuna teburin hanyoyi na wata ruta, a ce ta wace ƙofa saƙo zai fita, kuma ba a isa ga amsar sai an yi wannan lissafi sau uku ko huɗu a ka. Cisco ba ya bayyana adadin tambayoyin, amma sukan doshi 100, wato abin da mutum ke da shi bai fi minti ɗaya da ƴan daƙiƙoƙi ba a kowace. Wanda ke cin minti uku a lissafi ɗaya ya riga ya shiga bashi.

Abin daɗin shi ne wannan sashe ba ya bukatar wuta ko intanet. Ana haddace 128, 64, 32, 16, 8, 4, 2, 1 kamar yadda ɗan kasuwa ya haddace canjin naira da sefa, sannan a yi ta maimaitawa. Matasa uku a fada, ana jiran shayi na biyu ya nuna, ɗaya ya jefo adireshi sauran su yi rige-rigen faɗin farkon unguwa da ƙarshenta. Minti 15 kullum na tsawon wata biyu ya fi kwana guda cur ana fama.

Haka lambobin ƙofofi suke: 22 ta SSH, 53 ta DNS, 80 da 443 na shafukan intanet, 67 da 68 na DHCP. Su ma hadda ce kawai, ana iya rubuta su a ƙananan takardu a sa a aljihu. IPv6 mai ɗigo 128 kuwa, ɗalibai kan tsallake shi don tsawonsa na ba da tsoro, alhali yana cikin manhaja kuma dokokin taƙaita shi biyu ne kacal.

Hannu a kan na'ura

Jarrabawar ba zaɓen amsa kaɗai ba ce. Akwai wuraren da za a buɗe wa mutum baƙin allo, a ce ya saita na'urori da kansa: ya raba suwic gida-gida da VLAN, ya kunna OSPF don rutoci su sanar da juna hanyoyi, ya rubuta dokar da za ta hana wani sashe shiga wani. Wanda bai taɓa rubuta waɗannan umarni da yatsunsa ba, a nan asirinsa ke tonuwa.

Ba sai an sayi ruta da suwic na gaske ba. Manhajar Packet Tracer kyauta ce ga duk wanda ya yi rajista a NetAcad, tana tafiya a kan kwamfuta mai matsakaicin ƙarfi, kuma da zarar an girka ta an shiga, gina rezo a cikinta ba ya cin forfe. Mutum na iya jera rutoci uku, ya kira ɗaya Yamai, ɗaya Doso, ɗaya Maraɗi, ya haɗa su, ya tsinke layi ɗaya da gangan ya ga ta inda saƙo zai zagaya.

Tsinkewar da gangan ita ce karatun. Bin umarnin malami layi-layi har komai ya yi kore ba ya koyar da abu mai yawa. Abin da ke zama a kai shi ne ranar da aka aika ping bai dawo ba, aka shafe awa guda ana nema, daga ƙarshe show ip interface brief ya nuna cewa ƙofar rutar a rufe take, tunda rutocin Cisco da ƙofofinsu a kashe suke zuwa sai an rubuta no shutdown. Ko ranar da aka rubuta dokar tace saƙonni don a hana kwamfuta ɗaya, sai ofis gaba ɗaya ya yanke, saboda a ƙarshen kowace irin wannan doka akwai wani hani ɓoyayye da ke toshe duk abin da ba a ambata ba. Abokai biyu na iya yi wa juna wannan: ɗaya ya gina, ɗaya ya ɓata abu uku a ɓoye, mai ginin ya nemo su.

Akwai darasi ɗaya da ɗan Nijar ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kai. Saitin da aka rubuta wa ruta yana zaune ne a ƙwaƙwalwar wucin gadi. Idan ba a rubuta copy running-config startup-config ba, kuran na ɗaukewa komai ya tafi. Wanda ya rayu a watannin da suka biyo bayan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar, ko wanda ya san yadda watan Afrilu da Mayu suke idan zafi ya haura digiri 40, ba zai manta da wannan umarni ba. A jarrabawa ma akan bukaci a adana saitin kafin a wuce.

Game da tsawon shiri, lissafin NetAcad kansa ya ba da haske. Darussa uku na awa 70 sun kama awa 210. Mai ba da awa 2 kullum zai kai wata uku da rabi kafin ya gama zagaye na farko, ban da bita. Mai aiki da rana, ko mai raba kwamfuta ɗaya da ƙannensa, ya sa ran wata shida ba abin kunya ba ne. Yana da kyau kuma a tambayi cibiyar da ake karatu game da rangwame, domin NetAcad kan ba ɗaliban da suka kammala da maki mai kyau takardar ragin kuɗin jarrabawa.

Tambayoyin sata

A zaurukan WhatsApp da Telegram ana yawo da wasu fayiloli da ake cewa ainihin tambayoyin jarrabawa ne da amsoshinsu, wasu kyauta wasu na sayarwa. Ga wanda ya tara jika 170 da ƙyar, jarabar a fili take. Amma Cisco na ɗaukar amfani da su a matsayin maguɗi, kuma hukuncin na iya kaiwa ga soke takardar da haramta wa mutum sake zama. Ban da haka, amsoshin da ke ciki da dama kuskure ne, ba wanda ya tantance su, kuma tambayoyin na sauyawa.

Ko an tsallake ma, akwai ranar ganawa da mai ɗaukar aiki. Injiniyan da ya san aikinsa ba ya bukatar fiye da minti biyar. Zai ce wata kwamfuta ta nuna adireshi mai farawa da 169.254, me ya faru? Wanda ya yi aiki da hannunsa ya san cewa na'urar ta nemi adireshi wajen DHCP ba ta samu ba, sai ta laƙaba wa kanta. Wanda ya haddace A da B da C zai tsaya kallon silin. Gwaje-gwajen share fage na halal, waɗanda ke bayyana dalilin kowace amsa, daban suke da wannan, kuma su ne ma'aunin da ya kamata a duba kafin a fitar da kuɗi.

Ranar zama

Kamfanin Pearson VUE ne ke gudanar da jarrabawar CCNA, ko dai a cibiyar da ya amince da ita, ko ta intanet daga gida. Kowace hanya da nata kuɗin ɓoye. Wanda cibiyar da ta fi kusa da shi tana Yamai, ya lissafa kuɗin mota da masauki: daga Maraɗi tafiyar ta haura kilomita 600, daga Damagaram ta doshi 900. Gara a isa da kwana ɗaya a huta, da a sauko daga bas a wuce ɗakin jarrabawa.

Zama daga gida na rage wannan, amma sharuɗɗansa masu tsauri ne. Ana bukatar kyamara, intanet da ba ya yankewa, ɗaki a rufe da teburi fayau. Mai sa ido na kallo daga nesa tun farko har ƙarshe. Ba a yarda wani ya shigo ba, ba a yarda a tashi daga gaban kyamara ba, ba a yarda a riƙa karanta tambaya da ƙarfi ba, kuma babu takardar lissafi sai wani allo a cikin kwamfutar. A gidan da yara ke shiga ko'ina, ko maƙwabci ke iya yin sallama ya ɗaga labule, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mai wannan niyya ya gwada kwamfutarsa da layinsa da manhajar gwajin da kamfanin ke bayarwa, a ɗakin da zai zauna kuma a daidai lokacin da zai zauna, ya cika batir, ya tanadi batirin da zai riƙe akwatin intanet idan wuta ta tafi.

Sai batun suna. Sunan da aka yi rajista da shi dole ya zo daidai da na fasfo ko katin ɗan ƙasa, harafi da harafi. Wanda katinsa ke ɗauke da Mahamadou ya rubuta Muhammadu, ko Oumarou ya rubuta Umaru, ana iya mayar da shi daga bakin ƙofa kuma kuɗin sun tafi. Biyan kuɗin ma na bukatar katin banki mai aiki a ƙasashen waje, ko a sayi takardar biya ta hannun wata cibiya, abin da ya kamata a warware makonni kafin ranar.

A cikin ɗakin, doka ɗaya ce ke ba sababbi mamaki: a jarrabawar Cisco ba a komawa baya. Da zarar an danna gaba, tambayar ta wuce har abada. Al'adar da aka saba da ita tun daga BEPC har BAC, ta a tsallake mai wuya a dawo mata daga baya, ba ta aiki a nan. Idan tambaya ta cije, a cire amsoshin da aka tabbata ba su ba ne, a zaɓi ɗaya cikin sauran, a wuce. Ayyukan saita na'ura sun fi cin lokaci, don haka a riƙa duban agogon da ke gefen allo tun daga tambayoyin farko.

Ana gamawa sakamakon ke fitowa a allo, daga baya a sami takardar da ke nuna ƙoƙarin mutum a kowane ɗaya daga cikin sassa shidan. Takardar shaidar shekara 3 take aiki. Kafin wa'adin ya cika sai an sabunta ta, ko ta sake zama, ko ta cin wata jarrabawar da ke gaba da ita, ko ta tara maki 30 na ƙarin karatu a darussan da Cisco ya amince da su.